Waƙa ce ke gaba a finafinan soyayya na Assam

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ɗan fili domin mu yi gyara a kan wata al'ada da ta zauna wa shafukan nishaɗi. Duk fim ɗin da ya fito daga Indiya sai a zuba shi a ƙwarya ɗaya, a ce "fim ɗin Indiya", a auna shi da mudun finafinan Hindi na Mumbai. Alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Za mu ɗauki misali guda, wato finafinan soyayya da ake yi da harshen Asamiya, mu nuna yadda ake haɗa kiɗansu da inda aikin yake ɓaci.

Jihar Assam tana arewa maso gabashin Indiya. Ta yi iyaka da Bhutan da Bangladesh, kuma kogin Brahmaputra ya ratsa ta daga gabas zuwa yamma. Ƙidayar 2011 ta nuna masu magana da Asamiya sun haura miliyan 15. Harshen ba Hindi ba ne, ba kuma Bengali ba, ko da yake haruffansa da na Bengali kusan ɗaya suke. Da shi ake yin fim tun 1935, lokacin da Jyoti Prasad Agarwala ya fitar da Joymoti. Abin da muke son mai sharhi ya riƙe shi ne, a can kan waƙa ake gina fim ɗin soyayya. Ita ake fara gamawa, ita ke zaɓar watan da za a fita ɗauka, ita ke nuna wa mai tacewa inda zai sa almakashi. Wanda ya tsaya ga labari da fuskokin jarumai kawai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Tushen waƙar soyayya a Assam shi ne Bihu. Bukukuwan Bihu uku ne a shekara: na tsakiyar Afrilu, na Oktoba da na Janairu. Na Afrilu, wanda ake kira Bohag ko Rongali, shi ne na shigowar sabuwar shekara da na samari da 'yan mata, kuma waƙoƙinsa suna da zubi sananne. Baitin gajere ne, galibi layi huɗu. Layuka biyu na farko suna magana a kan kogi ko tsuntsu ko fure ko gona, na biyun ƙarshe su juyo kan masoyi. Wannan zubi ya yi wa masu fim rabin aiki tun kafin su taɓa kyamara: layi biyu hoton fili, layi biyu hoton fuska. Daraktan da ya gane haka ba ya wahala. Wanda bai gane ba sai ka ga mawaƙi yana ambaton kogi, hoto yana kan idon jaruma, sa'ad da aka zo kan maganar zuciya kuma an koma nuna kwalekwale. Mai kallo daga waje ba zai san abin da ya dame shi ba, ɗan ƙasa kuwa nan take zai ji an saɓa.

Kayan kiɗan Bihu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa, kuma kowanne da irin matsalar da yake kawowa a sutudiyo.

Dhol ita ce uwa. Ganga ce mai fuska biyu da ake ratayawa, ana dukan fuska ɗaya da sanda, ɗayar da tafin hannu. Fata ce, saboda haka tana bin yanayi. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, danshin iska yana sa ta saki, amonta ya dushe. Idan aka shigo da ita ɗaki mai na'urar sanyaya iska, cikin ƙanƙanin lokaci fatar ta fara bushewa ta ɗaure, sautin ya hau. Wanda ya naɗi baitin farko da isowar makaɗi, ya naɗi na biyu bayan awa guda, zai tarar kamar ganguna biyu ne daban. Maganinsa a bar gangar ta zauna a ɗakin kamar awa ɗaya kafin a fara, a kuma naɗe waƙar gaba ɗaya a zama ɗaya. Makirufo biyu ake sa mata, ɗaya a kowace fuska, nesa kamar santimita 20 zuwa 30, da na uku can baya kamar mita biyu don ya ɗauki amon ɗakin. Akwai tarko a nan. Makirufon biyu suna fuskantar juna, don haka in aka haɗa su yadda suke, sau da yawa kaurin sautin ɗaya yana cinye na ɗayan, gangar ta fito siririya kamar gwangwani. Injiniyan da ya san aikinsa zai juya fuskar igiyar sautin ɗaya daga ciki, ya saurara, ya zaɓi wanda ya fi cika.

Pepa ita ce mai taurin kai. Da ƙahon ɓauna ake yin ta, da ɗan bututu mai ramuka da harshen kara a bakinta, kukanta ya ɗan yi kama da na algaita amma ya fi kaifi. Ba a saita ta kamar jita. Yadda ƙahon ya zo, haka sautinta yake, kuma ba lalle ya faɗa daidai kan matakan fiyano ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gina waƙa a kwamfuta, a naɗi murya, sannan a ce a kira mai pepa ya zo ya ƙawata. Yana busawa sai a ji ta zauna tsakanin matakai biyu. Daga nan sai a ja ta da manhajar gyaran sauti, ta daidaita amma ta mutu, domin ɗan karkacewar nan da rawar muryar su ne daɗinta. Hanyar da ta dace ita ce a fara jin pepa, a auna inda sautinta ya tsaya, a ɗora sauran kayan a kai. In kuwa muryar mawaƙi ba za ta iya wannan mataki ba, sai mabushi ya zo da ƙahoni uku ko huɗu a zaɓa. Tana da ƙara sosai, don haka makirufo yana zama nesa da rabin mita zuwa mita ɗaya, a ɗan karkace, ba a saitin bakin ƙahon ba.

Gogona bambaro ne na gora, ana riƙe shi a leɓe ana kaɗa bakinsa da yatsa. Sautinsa ƙasa-ƙasa ne ƙwarai, sai makirufo ya matso kamar santimita 10, da ragar tare iska a tsakani, in ba haka ba numfashi zai fi kiɗan fitowa. Ba a naɗarsa ɗaki ɗaya da dhol. Sai toka, gora da aka tsaga ana tafa ta, da taal, faranti biyu na tagulla da ake gwarawa, da xutuli, ɗan usur na yumɓu, da sarewar gora. Taal ɓarauniya ce, tana shiga makirufon kowa. A ware ta, ko a naɗe ta daga baya.

Sai batun kari. Bugun Bihu yana tafiya uku-uku, masu rubuta kiɗa sukan sa shi a 6/8. Yawancin gangunan da ke zuwa a shirye cikin kwamfuta kuwa huɗu-huɗu suke tafiya. Mai gaggawa sai ya shimfiɗa huɗu-huɗu, ya yayyafa dhol a sama, ya ce ya yi Bihu na zamani. Ƙafar mai rawa ce ke tona shi, domin ƙugu da kafaɗa ba sa samun inda za su sauka. Abu na biyu, makaɗin dhol na gaske yana ƙara sauri yayin da rawa ta yi zafi. In aka ɗaure shi da ƙwanƙwasar awo a kunne daga farko har ƙarshe, an cire masa wannan hawan. Gwanaye suna barinsa ya kaɗa yadda jininsa ya ba shi, sannan su sa kwamfuta ta bi sawunsa, ba shi ya bi ta ba. Aikin ya fi cin lokaci, amma bambancin a fili yake.

Ba Bihu kaɗai ke akwai ba, kuma a nan ne ake gane mai kiɗan fim da ya san ƙasarsa. Akwai Borgeet, waƙoƙin ibada da Srimanta Sankardev da almajirinsa Madhavdev suka tsara a ƙarni na 15 da na 16, ana yin su da ganga mai suna khol. Akwai Zikir na Azan Fakir, malamin Sufaye na ƙarni na 17, wanda ya zuba wa'azin Musulunci cikin karin waƙar mutanen ƙasar. Musulmi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'ar jihar. Akwai waƙoƙin yankin Goalpara da ake yi da dotara, wani ɗan molo, waɗanda Pratima Barua Pandey ta yi suna da su, cike da begen mai kiwon giwa da ya yi nisa. Kowane kari yana gaya wa mai sauraro daga wane yanki, wane gida, wane addini mutumin da ke allo ya fito. Ɗaukar karin ibada a shimfiɗa shi ƙarƙashin rungumar masoya ba gwaninta ba ce, neman rigima ne.

Fim ɗin da ya fi nuna wannan shi ne Chameli Memsaab na 1975, wanda Abdul Majid ya ba da umarni, Bhupen Hazarika ya yi kiɗa. Labarin soyayya ne tsakanin Bature manajan gandun shayi da wata yarinya mai tsinkar ganye, kuma bai ƙare da daɗi ba. Ma'aikatan gandun shayi na Assam, jihar da ke samar da kusan rabin shayin Indiya, jikokin mutanen da Turawan Ingila suka kwaso ne a ƙarni na 19 daga yankin Chotanagpur da Odisha da maƙwabtansu. Suna da harshensu na Sadri, da rawarsu ta jhumur inda mata ke jeruwa riƙe da ƙugun juna, da gangarsu madal. Hazarika bai ɗora wa yarinyar gandun shayi kiɗan da ba nata ba, ya nemo karin mutanenta ya ba ta. Saboda haka tun kafin a buɗe baki kunne ya riga ya san tazarar da ke tsakanin masoyan biyu, kuma labarin duka a kan wannan tazara yake. Kiɗan fim ɗin ya ci lambar yabo ta ƙasa ta Indiya, daga baya kuma aka sake yin labarin da Bengali da Hindi. Shi Hazarika, wanda aka haifa a 1926 ya rasu a 2011, tun yana yaro ya yi waƙa a Indramalati na 1939, fim na biyu a harshen, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Columbia ta Amurka, kuma a 2019 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a ƙasar, bayan rasuwarsa.

Yanzu ga yadda aikin yake tafiya a aikace. Darakta yana zama da mai kiɗa da marubucin waƙa, ya faɗa musu gurbin kowace waƙa a labari: haɗuwa, bege, biki, rabuwa. Fim ɗin Indiya yana da hutun rabin lokaci, saboda haka ana raba waƙoƙin gida biyu, kuma waƙar da ta zo daf da dawowa daga hutu tana fuskantar mutane suna neman kujerunsu, don haka ba nan ake ajiye wadda labari ya dogara da ita ba. Kowace waƙa tana da amshi da ake kira sthayi, da baitoci biyu galibi da ake kira antara, da kiɗa zalla a tsakani, duka minti huɗu zuwa biyar. Ana fara yin naɗin gwaji da murya ɗaya da harmoniyam ko jita. In darakta ya amince, sai a tsayar da sauri da tsawo, kuma daga wannan rana ba a ƙara taɓa su. Ana iya canza mawaƙi daga baya, ana iya ƙara goge, amma in aka ƙara bugu biyu a minti bayan an ɗauki hoto, leɓe ya rabu da murya ke nan.

Lissafin ba wuya. Fim yana tafiya firam 24, wato hotuna 24 a jere, a daƙiƙa, waƙar minti huɗu firam 5,760 ke nan. In saurin waƙa bugu 90 ne a minti, kowane bugu firam 16 ne cif. In 120 ne, firam 12. In 100 ne, firam 14.4, wanda ba ya rabuwa daidai, sai mai tacewa ya riƙa ciko da ragi. Ba haramun ba ne, amma wanda ya zaɓi sauri mai rabuwa ya sauƙaƙa wa na bayansa.

A wurin ɗauka ana kunna waƙar a sifika, jarumai suna mamin. Abubuwa huɗu ne suka fi ɓata wannan mataki, kuma dukansu na sakaci ne. Na farko, sautin fim ana naɗarsa a kan awo 48,000 a daƙiƙa, na faifan waƙa kuwa 44,100. In na'ura ta karanta na biyun a matsayin na farko, waƙar za ta yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, muryar ta hau da kusan mataki ɗaya da rabi na fiyano. Na biyu, in aka ɗauka a firam 25 aka tace a 24, bambancin kashi 4 ne cikin 100, wato daƙiƙa goma a waƙar minti huɗu. Na uku shi ne wanda fili irin na Assam ke jawowa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. In jaruma tana tsaye a kan yashin kogi, sifika tana bayan kyamara nesa da mita 34, waƙar tana isa kunnenta a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, fiye da firam biyu, kuma ido yana kama wannan a leɓe. Sai a ɓoye ƙaramar sifika kusa da ita, ko mai tacewa ya ja hoton baya da firam biyu a wannan yanki kaɗai. Na huɗu, hoton da ake so ya tafi a hankali: in an ɗauka a firam 48, dole a kunna waƙar ninki biyu na saurinta, jaruma ta bi ta a haka, sannan leɓe zai dace in an mayar. Da yawa sukan manta, sai a rufe aibin da nuna bayanta tana tafiya. A ƙara da wutar lantarki: ta Indiya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka a dandalin dare mai fitilun kasuwa ana saita ƙyaftawar kyamara a ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, in ba haka ba hoton ya riƙa walƙiya.

Sai kalanda, wadda ta fi kowane furodusa iko. Waƙar Bihu tana son furen kopou, wani fure mai ruwan hoda da ke tsirowa jikin itace ya zubo kamar jela, wanda 'yan mata ke ɗaurawa a gashi, hannuwansu sun sha lalle. A Afrilu da Mayu yake fitowa. Gonakin mastad, wani tsiro da ake matse mai daga ƙwayarsa, masu ruwan ɗorawa na Disamba da Janairu ne. Gandun shayi yana kore shar daga wajen Maris zuwa Nuwamba, a hunturu kuwa ana aske itatuwan, su zama kututture. Tsibiran yashi na Brahmaputra suna bayyana a rani, damina ta shafe su, kuma ba lalle su dawo inda suke ba. Marubucin da ya tara kopou da mastad da yashin kogi a baiti ɗaya ya ɗora wa furodusa fita fiye da ɗaya a watanni daban-daban, ko kuma furen roba, wanda duk ɗan Assam zai gane. Haka in aka ɗauki rabin waƙa a bakin kogi a Fabrairu aka ce za a dawo a ƙarasa a Yuli, za a tarar da ruwa a wurin.

Rana ma ba ta bin agogo. Indiya duka lokaci ɗaya take amfani da shi, Assam kuwa tana can gabas, don haka a Disamba rana tana faɗuwa a Guwahati, birni mafi girma a jihar, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a Yuni kuma gari yana wayewa tun kafin biyar. Shi ya sa gandayen shayi suke da nasu lokacin, awa ɗaya gaba da na gwamnati. Ma'aikatan da suka zo daga Mumbai da jadawalin fara aiki ƙarfe tara suna asarar hasken safe, su kuma tarar da duhu kafin su gama baiti na biyu. A hunturu ga hazo mai kauri a kan kogi da safe. Tufafi ma suna da nasu sharaɗin: mekhela sador, kayan gargajiya na matan Assam, na alharinin muga yana da ƙyallin zinariya, in aka buga masa fitila kai tsaye sai ya ƙone a hoto, saƙar ta ɓace. Haske mai laushi yake so, daga gefe.

Mutane kuma ba kullum ake samunsu ba. Assam tana da wasan kwaikwayo na tafi-da-gidanka tun shekarun 1960, ƙungiyoyi masu manyan tantuna da ke zagaya garuruwa daga wajen Agusta zuwa Afrilu, kuma suna ɗauke fitattun jarumai na tsawon kakar. Mawaƙa kuwa daga tsakiyar Afrilu suna kwana a dandalin Bihu, gari bayan gari. Wanda ya sa ranar naɗar murya mai taushi a wannan tsakani, muryar da ta dishe zai samu.

A kan lafazi, Asamiya tana da wani sauti na maƙogwaro mai kama da "kh" na Larabci, wanda suke rubutawa da x in sun yi amfani da haruffan boko, shi ya sa za ka ga Axom a madadin Assam. Mawaƙin da aka gayyato daga Mumbai ko Kolkata yakan mayar da shi "s" ko "sh", yakan kuma naɗe harshe a kan "t" da "d" yadda Hindi ke yi, abin da Asamiya ba ta yi. Komai zaƙin murya, wannan yana sa masu kallo murmushi a inda ake son hawaye. Ana sa ɗan harshe ya zauna a sutudiyo, ya tsayar da naɗi a kan kowace kalma da ta karkace.

Zamanin da muke ciki na mawaƙi kuma mai kiɗa Zubeen Garg ne, ko da ba ya raye. An haife shi a 1972, faifansa na farko ya fito a 1992, kuma kiɗan da ya yi wa Hiya Diya Niya na Munin Barua a 2000 yana cikin abin da ya dawo da matasa gidajen sinima bayan shekarun da kasuwar ta yi sanyi. Salon da ya kafa shi ne jita da kibod a gaba, karin ƙasa a ƙarƙashi. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki jitar sun bar karin, shi ya sa waƙoƙinsu za su iya zama na kowane gari. Ya rasu a Singafo ranar 19 ga Satumba, 2025, yana da shekara 52, kuma fim ɗinsa na ƙarshe, Roi Roi Binale, wanda Rajesh Bhuyan ya ba da umarni, ya fito ranar 31 ga Oktoba na shekarar. Labarin soyayya ne da kiɗa, shi ne ya fito a matsayin makahon mawaƙi.

Akwai abin lura na sana'a a nan. Al'adar finafinan Indiya ita ce a sake naɗar maganar jarumai a sutudiyo bayan an gama ɗauka, saboda haka da yawa ba sa kula da sautin wurin ɗauka, suna ganin jagora ne kawai da za a zubar. Masu wannan fim sun bayyana cewa muryar Zubeen da aka naɗa da ƙaramin makirufo na wuyan riga ita suka dogara da ita bayan rasuwarsa. Shekaru 90 kafin haka, Agarwala ya gamu da akasin wannan: sautin da aka naɗa na Joymoti bai yi ba, sai da ya je Lahor, da ke Pakistan a yau, ya sake muryoyi da dama da bakinsa, har da na mata. Darasin aiki ɗaya ne. Kowane jarumi a sa masa makirufonsa a layinsa daban, ga na sanda a sama, a naɗi minti ɗaya na shirun wurin, a kwafe komai a ma'aji biyu kafin a kwanta.

Haɗin ƙarshe kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne. Na sinima yana da layi shida: hagu, tsakiya, dama, biyu na kewaye, da na kauri. Muryar mawaƙi tana zama a tsakiya inda maganar jarumi take, in ba haka ba sai a ji kamar wani ne daga bango ya karɓe waƙar. A kan wannan gaɓa ma ake duba amsa-kuwwa: mutum yana magana a fili, muryarsa a bushe, daƙiƙa ɗaya bayan haka yana waƙa kamar a cikin kogo. Gwani yana shigo da ita sannu a hankali cikin layin farko. Na waya da YouTube kuwa layi biyu ne, kuma ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da kaurin dhol, don haka sai an ɗaga amon sandar da na tsakiyar gangar, in ba haka ba Bihu ya koma tafi da usur. Matse sauti don ya yi ƙara ba ya amfani, domin manhajojin sauraro suna rage duk waƙar da ta wuce awonsu, ta dawo daidai da sauran amma ta rasa numfashi. Tun da makonni kafin fitar fim ake sakin waƙoƙi, kuma a waya mutane ke fara jin su, wannan haɗi na biyu shi ne ke sayar da tikiti.

Kafin fim ya shiga sinima sai ya sami takardar hukumar tace finafinai ta Indiya, wadda ke da ofishi a Guwahati, kuma baitocin waƙa suna cikin abin da ake miƙa mata. Dokar haƙƙin mallaka ta 1957, bayan gyaran 2012, ta tabbatar wa marubucin waƙa da mai kiɗa rabonsu idan aka yi amfani da waƙar a wajen gidan sinima. Inda ake samun tangarɗa shi ne karin gargajiya: baitin Bihu na kowa ne, amma sabon tsarin da wani ya yi masa nasa ne, kuma mabushin pepa da makaɗin dhol galibi kuɗin yini kawai ake ba su, sunansu ma ba kullum yake fitowa a allo ba.

Roƙonmu ga shafin nishaɗi, ranka ya daɗe, shi ne duk lokacin da za a kawo labarin fim daga Indiya a faɗi harshen da aka yi shi da jihar da ya fito. In na Assam ne, a rubuta sunan mai kiɗa da marubucin waƙa da wanda ya rera, kusa da na darakta, a kuma gaya wa mai karatu ko karin Bihu ne, ko jhumur, ko na Goalpara.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin kiɗan fim